Baƙon da Ya Nufi Birni: Karatun Littafin Likita Mila Daga Kudancin Kano

Wanda ya taso daga Zariya a yau ya nufi Kano da wuya ya san ya ratsa ƙasar Kiru da Bebeji, in ba don Kwanar Dangora da 'yan tallar da ke bin mota da gudu ba. A da kuwa tafiyar kwanaki ce a ƙasa, kuma Bebeji zango ne mai ganuwa da kasuwa, inda fatake ke sauke kaya su huta kafin su fuskanci birni. Ta nan Baturen nan Clapperton ya bi a 1826. Wannan ƙasa ta kudancin Kano kuma ita wani ɗan ayarin Turawan mishan su biyar ya ratsa a 1900, Bishop Tugwell na gaba, da niyyar kafa aiki a cikin birnin Kano. Sarki Alu Babba bai karɓe su ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu-ya-nasu su fice, suka juya suka yada zango a Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Shekara uku ba ta cika ba sai ga wani ayarin ya biyo hanyar, wannan karon da igwa. Sojojin Kanar Morland suka fasa ƙofar Bebeji a farkon Fabrairun 1903, ranar 3 ga wata suka shiga Kano.

A cikin Turawan nan biyar akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya rasu a Bukuru a 1952, kuma mafi yawan shekarun da ke tsakani a ƙasar Hausa ya yi su, yana magani, yana koyarwa, yana fassara, yana kuma faɗa da duk wanda ya tare masa hanya, Bature ne ko basarake. A 1936 ƙungiyar mishan ta CMS ta buga masa littafi a Landan mai suna Reflections of a Pioneer, wato waiwayen mai share fage. Shi ne littafin da zan tarke a nan, kuma zan karanta shi ne daga inda nake tsaye, daga garuruwan da aka ratsa aka wuce. Abin da na gani daga nan shi ne, littafin ya zaɓi tauraron da bai kamata ba, ya kuma kafa idonsa a kan wurin da labarin bai faru ba. Marubucin ya ɗauka yana ba da labarin malamin da ya zo buɗe ƙofar birni. Labarin da ke kwance a ƙarƙashin alƙalaminsa na ɗalibi ne, wanda ƙauye ya buɗe wa ƙofa.

Kafin a hukunta rubutu sai an san don wa aka yi shi. Tarihin rayuwar ɗan mishan nau'in adabi ne mai zaman kansa, da zubinsa da tsarinsa: kira, sai tafiya mai wuya, sai ƙasa mai duhu, sai mutuwar aboki a hanya, sai 'ya'yan fari na aiki. Masu karatunsa suna can gida, mutanen coci ne waɗanda sulallansu ke riƙe da aikin, kuma dole a nuna musu cewa duhun yana da kauri, kuɗinsu kuma bai tafi a banza ba. Miller bai kuɓuta daga wannan zubi ba. Inda ya sha bamban da takwarorinsa shi ne ya ji Hausa ƙwarai, ya zauna a tsakiyar birnin Zariya daga 1905, a unguwar Durumin Maigarke, a lokacin da sauran Turawa ke can barikinsu nesa da ƙurar gari. Saboda haka duhun nasa yana da fuskoki da sunaye, kuma fushinsa na wanda ya gani da ido ne.

Ƙarfin littafin yana cikin wannan fushi. Miller ya iske ƙarshen zamanin farautar bayi, ya ga abin da ta yi wa ƙauyuka, kuma bai iya yin shiru ba. Mutumin kudancin Kano ba zai ce masa ƙarya yake ba, domin ganuwar Tudun Wadan Dankadai ba don ado aka yi ta ba. Hare-haren Ningawa da yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 sun bar tabo a wannan yanki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya juya wannan fushi a kan 'yan uwansa Turawa. Ya soki tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana ganin Turawa sun ɗaure wa zalunci gindi, sun bar talaka a hannun wanda ya saba tatsarsa, sun kuma hana shi ilimin da zai buɗe masa baki. Wanda ya san abin da 'yan NEPU suka riƙa faɗa a kan dandamali daga 1950 zai ji kamar ya taɓa jin wannan magana. Sai dai mai karatu ya yi hattara, don mai shaida a nan yana da ƙafa a cikin shari'ar. Tsarin da yake suka shi ne ya hana mishan wa'azi a biranen Musulmi, bisa alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920 kafin a tuɓe shi a kai shi Lakwaja, ba a ga maciji. Ɗalibin adabi ya san Ɗan Sidi a matsayin ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa na farkon ƙarnin. Mai karatun Landan ba shi da hanyar sanin wannan. Sarakunan da aka miƙa masa azzalumai ne kawai, kuma cin ƙasar da Turawa suka yi ya zo masa a siffar wayewar gari. A Bebeji wayewar garin nan da ƙarar igwa ta zo, da gawawwaki a bakin ƙofa.

Chinua Achebe ya rufe Things Fall Apart da wani Di'o da ke tunanin cewa rayuwar Okonkwo duka za ta iya cika sakin layi ɗaya a littafin da yake shirin rubutawa. Ba zan yi wa Miller rashin adalcin kwatanta shi da wannan Di'o ba, don shi ya ƙaunaci mutanen da ya zauna da su, su ma da yawa sun ƙaunace shi. Amma ƙauna ba ta sauya wanda ke riƙe da alƙalami. Ko inda ya ambaci yaransa da suna da alfahari, shi ne mai magana, su kuwa abin magana.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne labarin Isawa, wanda a ganina shi ne sashe mafi daɗi a duk abin da Miller ya ba da labari, kuma shi ne wanda ya fi yi wa gurguwar fahimta. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi na musamman, har ya tara mabiya. Hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, aka tsire shi a kasuwa. Almajiransa suka watse zuwa dazuzzuka da ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, wasu har Ningi, wato ƙasar da ta yi maƙwabtaka da Tudun Wada da Doguwa da dajin Falgore. Ana kiransu Isawa ko Bani Isra'ila. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya da ƙafarsu suka nemi Miller. Daga nan aka kafa musu ƙauye a Gimi, ƙarƙashin kulawar W. A. Thompson, wani baƙar fata ɗan mishan daga tsibiran Karebiyan. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa.

Miller ya karanta wannan labari a matsayin cikar alkawari: an shuka iri tun kafin zuwansa, aka bar mutane suna jiran mai kawo littafi, sai ga shi ya zo. A matsayin salon ba da labari abin ya tsaru, don ya ba shekarun wahalarsa ma'ana. Amma a duba abin da wannan tsari ya haɗiye. Ya mai da rabin ƙarni na tunani da gudun hijira da jayayyar malamai ya zama share fagen zuwan Bature kawai. Masanin tarihi Ian Linden, wanda ya bi diddigin Isawa, ya nuna cewa tafiyarsu ta tsiro ne daga cikin Musulunci, daga muhawarar malaman ƙarni na 19 a kan ƙarshen zamani da dawowar Annabi Isa, kuma ba dukansu ne suka bi mishan ba. Waɗanda suka je Zariya sun je ne da tambayoyinsu, da karatunsu, da hujjojinsu. Su suka nemo shi. Likitan da ya yi shekara goma sha uku yana ƙwanƙwasa ƙofar birni, yana fatan samun 'ya'yan sarakuna da manyan malamai, sai ga shi mutanen da suka fi karɓar saƙonsa sun fito daga ƙauyukan bakin daji. Daga cikin zuriyarsu aka sami Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Marubucin da ya fi Miller sanyin zuciya da ya tsaya a nan ya tambayi kansa ko tun farko ya karanta taswirar a juye.

Sai batun makaranta, wadda ita ce rayuwarsa ta yau da kullum. Burinsa na farko babba ne: ya kai wa Lugga shawarar a buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai, a koyar da su karatu da rubutun boko. Gwamnati ta ɗauki shawarar ta ajiye mai shawarar. Aikin ya faɗa hannun Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma da mishan ya fara zuwa ƙasar kafin ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Abin da ya rage wa Miller shi ne gidansa. Bai yi aure ba. Yaran da ya tara su ne iyalinsa. Suna kwana a gidan, suna ci a gidan, suna ganin malaminsu yana duba marasa lafiya, yana zaune da takardun fassara, yana fushi, yana dariya. Karatu da tarbiyya da aikin gida duk a tukunya ɗaya suke.

Miller yana kallon wannan a matsayin sabon abu da ya kawo. Ni kuwa da na karanta, ba abin da ya faɗo mini sai gidan alaramma. Yaro ya bar iyayensa ya tare a wurin malam, ya yi masa hidima, ya ɗauki karatu, ya ɗauki hali, har a riƙa kiransa da sunan malamin: wannan tsari ya girmi Miller a Zariya da ɗaruruwan shekaru. Makarantarsa ta yi albarka ne daidai inda ta yi kama da abin da Bahaushe ya riga ya sani, kuma iyayen da suka yarda suka ba shi 'ya'yansu sun fahimci cinikin ne da ma'aunin da suka saba da shi. Albarkar kuwa ba a musunta. Daga wannan gida Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Amma mai littafin ya fi ganin abin da ya zuba a cikin tulun fiye da tulun da ya tarar.

Akwai wata tambaya da kowane malamin harshe zai yi: wa ya koya wa malamin? Kafin tafiyar 1900 Miller ya je Tarabulus don koyon Hausa a wurin Hausawan da ke can, fatake da alhazai da bayi. A nan ya haɗu da wani yaro, Abdulmajid, wanda ya ƙetare Sahara a kan hanyar Makka. Yaron nan ya zama ɗan gidansa, har Ingila ya je da shi, kuma daga bakinsa da bakin irinsa Hausar likitan ta nuna. A labarin Miller, wannan haɗuwa ta Baturen da ya tsinci yaro ce ya rene shi. Ana iya juya ta a ce yaro ne ya tsinci Baturen da ba ya iya magana, ya ba shi harshe. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san yadda wannan hanya ta hamada take idan wanda ya taka ta ne ke ba da labari: satar yaro, cinikin bayi, uwa mai bin sawun ɗanta har Tarabulus. Jigon bauta ɗaya ne a littattafan biyu, zamaninsu ma kusan ɗaya. Bambancin shi ne Umar da bakinsa yake magana a gaban almajiransa, ba ya kuma jiran wani ya zo daga teku ya ba wahalarsa ma'ana. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Yaran gidan mishan ma sun yi magana, sai dai ba a inda ake zato ba. Cikin ƙagaggun labarai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Tafida ɗan al'ummar nan ce ta Hausawa Kirista da makarantar Miller ta haifar. Da mai karatun Landan zai yi hasashen abin da irin wannan ɗalibi zai rubuta, da ya ce labarin fita daga duhu zuwa haske. Abin da ya rubuta shi ne labarin Abubakar da Zainab da Malam Shehu: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayi ya shiga duniya neman asirin ramuwa, sammu ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, har ya kai shi ga kashe mahaifinsa. Babu mishan a ciki, babu wa'azin sabon addini. Duniyar labarin ta Bahaushe ce tsantsa, da malamanta da bokayenta da dazuzzukanta, kuma cikin littattafan biyar shi ne ya fi kusa da rayuwar gida da abin da ke cin zuciyar mutum. Ɗalibin ya karɓi haruffan malaminsa ya rubuta abin da ya dame shi. Ban san wata amsa ga Reflections of a Pioneer da ta fi wannan kaifi ba, ko da yake ba don amsa aka rubuta ta ba.

A 1929 mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, inda aka gina cocin nan na ƙasa da tsarin ginin Hausa. Miller ya karkata ga aikin da ya daɗe yana yi tare da wasu 'yan mishan da mataimakansa Hausawa, wato fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda ta fito cikakkiya a 1932. Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya, ya yi hujja cewa fassara takan ƙwace saƙo daga hannun ɗan mishan ta miƙa shi ga masu harshen. A ƙasar Hausa abin ya ma fi haka zurfi, domin harshen da Miller ya tarar ba fili ne da ba a taɓa nomawa ba. Malaman jihadi, irin su Nana Asma'u, sun riga sun yi wa'azi da shi a rubuce cikin ajami. Kalmomin da mai fassara yake bukata, Allah da annabi da mala'ika, zunubi da tuba da addu'a, duk a zaure aka sassaƙa su kafin a haife shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jayayya da malaman Musulunci, da ya zauna rubuta babban aikinsa, da kalmominsu ya rubuta shi. Littafin waiwayensa bai ba wannan bashi girman da ya kamace shi ba.

Fassarar ce kuma ta dawo da labarin kan hanyar da aka fara. Birnin Kano bai buɗe wa Miller ƙofa yadda ya so ba. Da aka sassauta wa mishan a masarautar a shekarun 1930, ƙungiyar SIM ce ta shigo, ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya da asibitin ido, daga nan aikin ya bazu zuwa karkara, cocin ECWA ya gaje shi a 1954. Waɗanda suka fi karɓa su ne Maguzawa, manoman da ke zaune a gidajensu na gona a warwatse, mutanen da Joseph Greenberg ya zo daga Amurka ya yi nazarin addininsu na gargajiya a ƙarshen shekarun 1930. An rubuta su a littafin mai bincike, an ƙidaya su a rahoton mishan, an yi musu kirari da zambo a cikin birni. Yau a ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji akwai ƙananan coci-coci inda ranar Lahadi wani manomi ke miƙewa ya karanta nassi da Hausa, ya rufe littafin ya yi bayani da karin maganar kakanninsa, ga masallaci can tsallaken gona, ga 'yan uwansa na jini a cikinsa. Yawancin masu sauraronsa ba su taɓa jin sunan Likita Mila ba, ba su kuma san an taɓa yin wani littafi a Landan da ya ba da labarin ayarin da ya ratsa gonakin kakanninsu yana sauri ya isa birni ba.